Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Takardar Bakin Gareji

Makon jiya na tsaya a auren Yaya, amma yau zuciyata ta ƙi bin layi, ta koma 1994.

A watan Janairun wannan shekara aka karya darajar sefa da rabi. Kowa a Garwa ta Kamaru ya ji a jikinsa, daga sabulu har kayan gyaran mota. Ni a lokacin ina tuƙa babbar mota a wani kamfanin jigila, muna ɗaukar auduga zuwa tashar jirgin ƙasa ta Ngawundare. Shekara goma sha ɗaya ina wannan hanya. Mun san kamfanin ya shiga matsi, tayoyi ma sai an yi ta faci. Da an kira mu an ce a rage albashi, ko a riƙa aiki rabin mako, wallahi da yawanmu da mun yarda.

Ba a kira mu ba. Wata safiya na iso da goro a bakina, na tarar da mutane cirko-cirko a bakin gareji. Takardar sunayen waɗanda aka sallama ce aka manna da salatif, gefenta har ya fara naɗewa saboda iskar hunturu. Sunana na bakwai. Maigadin da muke shan shayi tare ya kasa ɗago kai ya dube ni.

Baffa, Allah ya jiƙansa, yakan ce ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Mu kam an yi mana.

Sai daga baya wani ɗan unguwarmu da ya yi karatu a Yawunde ya buɗe mana dokar aiki ta 1992, sashe na 40. Kafin a sallami ma'aikata saboda matsin tattalin arziki, dole mai kamfani ya zauna da wakilan ma'aikata a gaban sufeton aiki, a nemi wata mafita, har tsawon kwana 30. In sallamar ta zama dole, a duba ƙwarewa da daɗewa da nauyin iyali. Ina da 'ya'ya biyar da Inna a gida. Wa ya tambaya?

Wakilinmu, wanda muke kira delege, shi ma a bango ya karanta. Na daɗe ina zarginsa da cin amana, har na daina amsa sallamarsa. Ya rasu ban nemi gafararsa ba, kuma wannan yana damuna fiye da kuɗin.

Mun yi ta safa da marwa ofishin sufeto, daga nan kotu. Aka ce dalilin sallama na gaskiya ne, ƙa'ida kawai aka tsallake, kuma diyyar tsallake ƙa'ida ba ta wuce albashin wata ɗaya. Wata ɗaya, bayan kuɗin sallama. Uwar 'ya'yana ta ƙirga su a kan tabarma sau biyu, ta ce, "Malam, kuɗin askin ke nan?" Ita ma ta haddace maganar Baffa.

Dokar ta ce in kamfani zai sake ɗaukar mutane cikin shekara biyu, mu ne a gaba. Na riƙa bi ta bakin garejin duk Litinin, har na fara ganin sababbin yara a cikin motata.