Imel ya maƙale a akwatin fita: inda za ka fara dubawa

Ka rubuta saƙo, ka danna aikawa, ka ci gaba da harkokinka. Bayan awa uku wanda ka aika wa ya kira yana tambayar ina takardar. Ka duba, sai ga ta zaune a akwatin fita, wanda manhajoji ke rubuta wa Outbox, da ɗan lamba 1 a gefensa. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, a daidai wannan lokacin saƙonni na shigowa lafiya lau. To in intanet ne ya lalace, ta ina waɗannan suke shigowa?

Amsar ita ce shiga da fita ba hanya ɗaya suke bi ba. Manhajar imel tana ɗauko saƙonni ta ƙa'idar IMAP ko POP, amma tana aikawa ta wata ƙa'ida daban mai suna SMTP, wadda ke da nata adireshin saba (kwamfutar kamfanin imel da ke karɓar saƙo), da tata lambar ƙofa (port, wato mashigar da ake bi zuwa sabar), da tata tantancewar (tabbatar da suna da kalmar sirri). Ɗaya na iya aiki ɗaya kuma a toshe. Akwatin fita kuwa a cikin na'urarka yake, ɗakin jira ne kawai. Duk saƙon da ke cikinsa bai bar hannunka ba tukuna, don haka matsalar tana tsakanin na'urarka da sabar da ke karɓar saƙo daga gare ka. Wanda za a kai wa saƙon ba ruwansa. Da akwatinsa ne ya cika, ko babu mai wannan adireshin, galibi saƙon zai fita ne sannan ya dawo maka da bayanin dalili.

Kafin ka taɓa kowane saiti, buɗe burauza ka shiga asusunka ta shafin kamfanin imel ɗin, ka aika wa kanka kalma ɗaya. Wannan gwajin na minti ɗaya yana raba aikin gida biyu. In ya tafi, asusunka lafiya yake, laifin na manhaja ne ko saitinta. In bai tafi ba, kada ka wahalar da kanka da manhajar. Duba ko wurin ajiya ya cika: Google na ba da gigabait 15 kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne suke raba shi, in ya cika ba aikawa ba karɓa. Ko kuma ka wuce iyakar yini, domin asusun Gmail na kyauta yana tsayar da mutum in ya haura saƙo 500 a rana, sai ya jira.

In burauza ta aika, sai tambaya ta biyu: saƙo ɗaya ne ya kafe ko dukkansu? Dubi wanda ya fi daɗewa a layin, ka dubi girmansa. A ganina nan ne ya kamata a fi tsayawa, don sau da yawa saƙo guda mai nauyi ne ke tare hanya, sauran ƙanana su yi layi a bayansa, mai shi ya ɗauka komai ya lalace.

Gmail da Yahoo suna karɓar fayil har megabait 25. Sabobin kamfanoni da makarantu sau da yawa iyakarsu ba ta kai haka ba, akwai masu 20, akwai masu 10. Sannan akwai wani lissafi da ba a cika sani ba. Imel ba ya ɗaukar hoto ko bidiyo yadda yake, sai an mayar da shi haruffa, kuma a wannan juyin kowane bait uku yana komawa huɗu. Wato fayil yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya bisa uku. Fayil mai megabait 18 yana zama kusan 24 a kan hanya, saboda haka sabar da ke auna saƙo gaba ɗaya da iyakar 20 za ta ƙi shi, alhali kai a allonka 18 kake gani. Ga kuma saurin layi. In saurin ɗora kayanka megabit ɗaya ne a daƙiƙa, wannan saƙon zai ci fiye da minti uku yana hawa, kuma in layin ya yanke ko da sau ɗaya ne, ba a ci gaba daga inda aka tsaya, daga farko ake sake somawa. Haka zai yi ta yi har dare.

Cire irin wannan saƙon shi ma yana da tsari. A tsohon Outlook na kwamfuta, wato manhajar imel ta Microsoft, in ka yi ƙoƙarin goge shi zai ce maka ya riga ya fara aika shi. Je shafin Send/Receive ka danna Work Offline, ka rufe Outlook gaba ɗaya, ka dakata kamar minti ɗaya, ka sake buɗewa. Yanzu da ba ya ƙoƙarin aikawa, ja saƙon da linzami ka jefa shi cikin Drafts, wato wurin ajiye daftari. Na fi son jan sa da goge shi, don rubutun bai yi laifin komai ba. Buɗe shi a can, ka cire fayil ɗin, ka ɗora shi a Drive ko OneDrive ka saka mahaɗinsa a cikin saƙon. Sai ka sake danna Work Offline don komawa kan layi, ka danna F9. Sauran da ke bayansa za su wuce a jere.

Shi wannan maɓallin na Work Offline ma, ana danna shi bisa kuskure. Kalli layin can ƙasan tagar Outlook: in ka ga Working Offline ko Disconnected ko Need Password, ya riga ya faɗa maka damuwarsa. Akwai kuma wata ɗabi'a ta tsohon Outlook da ke ruɗa mutane. Saƙon da ke jiran fita yana bayyana da haruffa masu karkata. Da zarar ka buɗe shi a cikin akwatin fita don ka leƙa, sannan ka rufe, haruffan sai su miƙe, Outlook ya ɗauka kana gyara ne, ya cire shi daga layi. Ba zai ƙara taɓa shi ba sai ka buɗe ka danna aikawa da hannunka. Ka kuma tabbata ba a sa wa saƙon lokacin jinkiri ba, kuma akwai alamar zaɓi a kan Send immediately when connected da ke ƙarƙashin File, Options, Advanced.

In kuwa ko saƙo mai kalma ɗaya ba ya fita, to zancen tantancewa ne ko na ƙofa. Fara da kalmar sirri. Wanda ya canza ta a burauza ko a waya yakan manta cewa manhajar kwamfuta tana nan riƙe da tsohuwar, wasu manhajojin ma wuri biyu suke ajiye ta, ɗaya na karɓa ɗaya na aikawa, sai a gyara na farko a bar na biyu. A Mail na iPhone, sabar aikawa tana da nata shafin a cikin saitin asusu, da nata gurbin suna da kalmar sirri. In an bar su fanko, saƙo zai shigo amma ba zai fita ba. A Outlook kuma gurbin yana cikin More Settings, shafin Outgoing Server, inda za a zaɓi cewa sabar aikawa tana buƙatar tantancewa, da saiti iri ɗaya da na karɓa.

Wani lokaci kalmar sirrin daidai take amma sabar ta ƙi ta. Tun ƙarshen watan Mayun 2022 Google ya daina barin manhajoji su shiga asusun Gmail na kyauta da suna da kalmar sirri kaɗai, Microsoft ma ya yi haka ga Outlook.com a Satumban 2024. Manhajar zamani takan buɗe maka shafin kamfanin ka shiga a can, shi kuma ya ba ta izini. Tsohuwar manhaja da ba ta san wannan ba, hanya biyu ce: ko ka sabunta ta, ka cire asusun ka sake saka shi, ko kuma a Gmail ka kunna tantancewa mai mataki biyu ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman ga manhajar, mai haruffa 16, ka saka ta a madadin taka.

Lambobin ƙofa ba su da yawa. Ƙofa 587 tana tafiya da nau'in tsaro mai suna STARTTLS, ƙofa 465 tana tafiya da nau'in tsaro na SSL ko TLS. In ka haɗa lambar wannan da tsaron wancan, haɗin zai tsaya cak har lokaci ya ƙare. Ƙofa 25 ta sabobi ce tsakaninsu, kuma kamfanonin intanet da yawa sun toshe ta don daƙile masu watsa saƙonnin banza, don haka in ka tarar da ita a saitinka, mayar da ita 587. Adireshin Gmail smtp.gmail.com ne, na Yahoo smtp.mail.yahoo.com, na asusun Microsoft 365 kuma smtp.office365.com. Don sanin ko hanyar a buɗe take, a Windows buɗe PowerShell, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta, ka rubuta Test-NetConnection smtp.gmail.com -Port 587. In amsa ta zo True, hanya ba shinge. In False ce, wani abu ne ya tare: katangar tsaron kwamfuta, ko VPN, ko manhajar riga-kafi mai binciken saƙonnin fita, ko waifai na otal da filin jirgi da ke jiran ka amince da sharuɗɗansa a burauza. Haɗa kwamfutar da datar wayarka ka sake gwadawa, nan take za ka gane ko layin ne.

Kada ka rufe saƙon kuskure ba tare da ka karanta lambarsa ba. Sabar SMTP tana amsawa da lamba uku-uku. Wadda ta fara da 4 matsala ce ta ɗan lokaci, manhaja za ta sake gwadawa da kanta. Wadda ta fara da 5 ƙi ne na dindindin, jira ba zai amfana ba: 535 na nufin ba a yarda da suna ko kalmar sirri ba, 552 galibi girma ne ya yi yawa, 550 kuwa ko an ƙi adireshin ko ba a ba ka izinin aikawa ta wannan sabar ba. Wani lokaci kuskuren rubutu ne kawai, waƙafi a wurin ɗigo a adireshin mutum ɗaya cikin goma, ya riƙe saƙon duka.

A waya, abin da ya fi yawa shi ne tanadin batir da tanadin data. Ka danna aikawa, ka kulle allo, tsarin wayar ya hana manhajar aiki a bayan fage, saƙon ya zauna da alamar Queued. Buɗe manhajar ka bar ta a buɗe, ka ja allon ƙasa don ta sabunta, ka tabbata an kunna Sync Gmail a saitin asusu, ka kuma ba ta izinin amfani da data a bayan fage. Duba kwanan wata da agogon wayar ma, domin in sun kauce sosai, takardar shaidar tsaron sabar za ta zama kamar ta ƙare aiki, haɗin ya ƙi ƙulluwa. Za ka ji ana ba da shawarar share bayanan manhaja, amma a yi hattara. Clear cache tarkacen wucin gadi yake sharewa, ba ya cutarwa. Clear data kuwa, da cire asusu, suna iya tafiya da saƙon da bai fita ba, tunda a wayar kaɗai yake. Kwafi rubutun ka ajiye a wani wuri tukuna.

Sai duk waɗannan sun gaza ake zargin manhajar kanta. Riƙe Ctrl yayin buɗe Outlook, zai tashi ba tare da ƙananan manhajojin da aka liƙa masa ba. In ya aika a haka, ɗaya daga cikinsu ce, ka kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka kama ta. Fayil ɗin PST, inda Outlook ke ajiye saƙonni a kwamfuta, in ya lalace ana gyara shi da scanpst.exe da ke zuwa tare da Office, bayan an rufe Outlook an kuma yi kwafinsa. In ya kusa gigabait 50, wadda ita ce iyakarsa ta asali tun daga Outlook 2010, sai an rage masa kaya.

Bayan hanya ta buɗe, leƙa akwatin saƙonnin da suka tafi kafin ka sake aika komai. Yakan faru sabar ta karɓi saƙo amma layi ya yanke kafin ta tabbatar wa manhaja, sai manhajar ta ci gaba da turawa, mutum ɗaya ya sami kwafi biyar. Haka nan duk saƙonnin da ka sake rubutawa lokacin da kake zaton na farko ya ɓace suna nan a layi, kuma za su fita tare. Share maimaicin tun kana a Work Offline, sannan ka koma kan layi.