Yajin da ba shi da dalilin faɗa

Wata bakwai na yi ina rubuta labarin wata mata da ta ɗauki wayar mijinta da asuba don duba lokaci, sai ta tarar da saƙonnin soyayya tsakaninsa da amininsa, mutumin da kusan kullum take aika wa abinci zaure. Babi uku na farko yaga su na yi, domin na rubuta su da salon kishiya, ga kuka ga yaji, amma sun ƙi zama.

Mace a ƙasar Hausa ta san yadda ake kukan kishiya. Akwai habaici, akwai kayan faɗar kishiya, akwai gwaggon da za ta dafa ta ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, haka muka gani." Wannan kuwa ba ta da inda za ta kai shi. In ta yi yaji Baba zai tambaya, "Me ya yi miki?" Amsar ba ta fita daga baki. In ta furta kalmar luwaɗi gaban alƙali, ba aurenta kaɗai ta kashe ba, don a dokar shari'a da Kano ta kafa a 2000 hukuncin mai aure ya kai jifa. Uban 'ya'yanta ne. 'Yarta kuma a unguwar nan za ta yi aure. Ranar da na gane haka na daina sa mata baki, na koma rubuta shirunta.

Masu bibiyata a WhatsApp sun matsa a tona masa asiri, wasu kuma suna son in buɗe musu ɗaki. Na ƙi duka biyun. Ban mayar da shi dodo ba: yana biyan kuɗin makaranta, shi ya kwana a barandar asibiti ranar haihuwarta ta fari. Wannan ne ya fi ci mata rai, ni ma haka.

Babin da ya sa ni kuka shi ne wanda ta ja niƙabi ta hau adaidaita zuwa asibitin wata unguwa mai nisa don gwajin ƙanjamau, ita kaɗai, tana tambayar kanta me ta rasa.

Daga ƙarshe khul'i ta nema. Ta mayar masa da sadakinsa, shi kuwa bai iya ɗaga ido ba. Da Inna ta tsare ta a ɗaki, abin da na bari ta ce kawai shi ne, "Zama ne ya ƙare, Inna."