Takardar sabunta Medicaid ce ke riƙe da komai

Aikina a birnin New York shi ne bin lamuran tsofaffi da masu naƙasa waɗanda ke riƙe da katin Medicare da na Medicaid, shirye-shiryen inshorar lafiya biyu na gwamnatin Amurka, a lokaci guda. A faɗin Amurka sun haura mutum miliyan 12, kuma galibinsu ciwo ya haɗu musu da rashin hali: mai ciwon suga da ya kai ga wankin ƙoda, mai shanyewar ɓarin jiki, tsohuwar da mantuwa ta fara kamawa. Cikin waɗanda ke hannuna akwai iyayenmu 'yan Ghana da Nijar da Najeriya mazauna Bronx da Harlem, don haka wannan bayani ya fi shafar 'ya'yan da ke ɗawainiya da su.

Rabon aikin sananne ne. Medicare na tarayya ne, shi ake fara caja, shi ke biyan likita da kwanciya asibiti da magani. Medicaid haɗin gwiwar jiha da tarayya ne, yana ɗaukar ragowar kuɗin da kuma abubuwan da Medicare ba ya taɓawa: mai zuwa gida ta yi wa tsoho wanka da girki, motar kai shi asibiti, kunzugun manya, zaman dindindin a gidan jinya. Rana ɗaya aka sa wa dokokinsu hannu a 1965, amma ba a gina su don su yi aiki tare ba. In jiha ta ƙara wa tsohuwa awannin mai kula har ta daina faɗuwa a banɗaki, aljihun jiha ne ya yi ciwo, Medicare kuma shi ya huta da kuɗin kwanciya. In gidan jinya ya tura mutum asibiti kan abin da za a iya magancewa a wurin, nauyin ya tashi daga jiha ya koma kan Medicare. Kowane ɓangare yana da dalilin ture wa ɗan'uwansa, majinyaci kuma yana tsakiya. Haɗa kulawar na nufin kuɗin biyun su shiga hannun kamfani ɗaya, a ba mutum kati ɗaya da lambar waya ɗaya da jami'i ɗaya da ya san shi.

A takarda haka abin yake. A aikace, sunan D-SNP, wato tsarin kamfanin inshora na masu katin biyu, da ake gani a jikin kati bai isa shaidar an haɗa kulawar ba. Waɗannan tsare-tsare sun fara aiki a 2006, dokar 2018 ta mayar da su na dindindin, amma hawa-hawa ne. Akwai wanda ɓangaren Medicare kawai yake biya, Medicaid ɗin mutum yana can hannun wani kamfani. Akwai HIDE wanda ya haɗa wani ɓangare na Medicaid, akwai kuma FIDE wanda shi ne cikakken haɗi har da kulawar gida. A New York ana samunsa ne ta shirin da ake kira MAP. Dillalan inshora sun fi tallata katin cefane da ake zuba wa kuɗi duk wata, kuma na sha ganin an raba tsoho da tsarin da ya haɗe masa komai saboda wannan kati, sai daga baya a tarar likitan ƙodarsa ba ya cikin sabon jerin. Tambaya biyu ake yi kafin a sa hannu. Kamfanin nan shi zai biya mai kula ta gida, ko wani daban? Likitocin Baba da magungunansa, ɗaya bayan ɗaya, suna ciki? In an riga an yi kuskuren, tun daga Janairun 2025 mai cikakken Medicaid yana da damar komawa haɗaɗɗen tsari ko Medicare na asali, wanda gwamnati ke biya kai tsaye ba ta hannun kamfani ba, a kowane wata, ba sai ya jira ƙarshen shekara ba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wanda har yanzu in na tuna raina yake ɓaci, shi ne takardar sabuntawa.

Medicare in mutum ya samu ya samu ke nan, muddin ana biyan kuɗin wata. Medicaid kuwa duk shekara sai an sake duba cancanta. Mu kuma duk ƙarfinmu mun zuba shi ne a ɓangaren jinya, domin nan doka ta fi matsa mana: tantance lafiyar sabon shiga cikin kwana 90, rubuta masa tsarin kulawa, zaman tawagar likita da nas da jami'in walwala, kiran waya cikin kwanakin aiki biyu bayan sallama daga asibiti, daidaita magunguna. Muna yin su yadda ya kamata, muna alfahari da su. Ashe rumfa ce muka kafa a kan gwafa ɗaya, gwafar kuwa ambulan ce da ke zuwa ta gidan waya, cikin Turanci, sau da yawa zuwa tsohon adireshi, ko ta faɗa cikin tarin takardun talla da jikoki ke zubarwa. Daga Maris na 2020 an dakatar da cire mutane saboda annobar korona, har iyalai da ma ma'aikata suka manta ana sabuntawa. Da aka dawo da ita a Afrilun 2023, sama da mutum miliyan 25 aka cire daga Medicaid a faɗin ƙasar, kuma mafi yawansu ba don sun daina cancanta ba ne, takarda ce ba ta koma ba.

Ga yadda rushewar take tafiya, don mutane ba sa ganinta sai ta yi nisa. Ranar da Medicaid ya yanke, abin da Medicaid ke biya shi ke fara tsayawa, wato mai kula ta gida da mota da kunzugu. Tsohon da ke zuwa wankin ƙoda sau uku a mako ya rasa motar da ke kai shi. 'Yar da ke aikin dare ta rasa wanda zai zauna da mahaifiyarta da rana. Kamfanin D-SNP yana iya ci gaba da riƙe mutum na wani wa'adi, daga wata ɗaya zuwa wata shida gwargwadon abin da ya zaɓa, kuma wannan wa'adi ne ya fi yaudarar iyalai. Katin yana aiki a wurin likita da kantin magani, sai a ɗauka lafiya lau, alhali ɓangaren Medicare kaɗai ke raye. In tallafin da jiha ke bayarwa na biyan kuɗin wata na sashen B, wato ɓangaren Medicare da ke biyan likita, shi ma ya tafi, za a fara cire shi daga fanshon Social Security, dala 185 a wata a 2025, kuma yakan zo da bashin watannin baya a haɗe. Mai karɓar abin da bai kai dala dubu ba, wannan kuɗin hayarsa ne aka taɓa. In wa'adin ya ƙare ba a gyara ba, a fitar da shi daga tsarin ɗungurungum. Ko da Medicaid ya dawo daga baya, awannin mai kula ba lallai su dawo da kansu ba. Sau da yawa sai an sake tantancewa, an sake rajista, an jira farkon wata, kuma mai kular da ta saba da tsohuwa har ta iya dama mata koko yadda take so ta riga ta kama aiki a wani gida.

Mu mutanenmu muna da ƙarin hanyar faɗawa wannan rami, wato tafiya gida. Tsoho ya tafi Kumasi ko Zinder ko Kano ganin dangi, ko ya tafi Hajji ya zarce gida ya huta. Mai karɓar SSI, tallafin wata-wata na tarayya ga tsofaffi da masu naƙasa marasa hali, in ya yi kwana 30 a jere a wajen Amurka kuɗin yana tsayawa, kuma ba ya dawowa sai ya sake yin kwana 30 a jere a cikin ƙasar. A yawancin jihohi, har da New York, Medicaid ɗin mai SSI a jikin SSI ɗin yake rataye, don haka tsayawar ɗaya tana jawo a sake duba ɗayan, a aiko da takarda, shi kuwa ba ya nan. Tsarin Medicare Advantage kuma, wato Medicare da ake karɓa ta hannun kamfanin inshora, wanda D-SNP na cikinsa, a ƙa'ida yana cire wanda ya wuce wata shida a wajen yankinsa. Medicaid ba ya biyan jinya a ƙasar waje, Medicare ma ba ya biya sai a wasu lokuta ƙalilan. Ban taɓa ce wa dattijo kada ya je gida ba, kuma ba zan faɗa ba. Abin da nake roƙo shi ne a gaya mana kafin a sayi tikiti.

Yanzu ranar sabuntawa ita ce layin farko a fayil ɗin kowane mutum da ke hannuna, sama da sunan ciwonsa. Kwana 90 kafin ta cika nakan kira in tabbatar da adireshi a wurare uku, ofishin Medicaid da Social Security da kamfanin inshora, domin gyara a wuri ɗaya ba ya nufin an gyara a sauran. Muna sa ɗa ko 'ya ɗaya a rubuce a matsayin wakili. Nan ma akwai tarko: takardar wakilci ta Medicare, fom CMS-1696, ba ta aiki a ofishin Medicaid, kowanne da tasa. Muna tara wasiƙar fansho ta shekarar, bayanan banki na watannin baya-bayan nan, shaidar haya, da bayanin duk wani kuɗi mai yawa da ya shiga asusun. Wannan na ƙarshen yana yawan kama mu, saboda adashi ko gudummawar biki da aka ajiye a asusun Mama don ita ce amintacciya, a idon mai dubawa kuɗinta ne. Kada a yi ajiyar kowa a asusun tsohon da ke kan Medicaid. In an miƙa takardu a karɓi shaida mai kwanan wata, a ɗauki hoton kowane shafi.

In kuma wasiƙar yankewa ta riga ta iso, kwanan watan da ke jikinta ya fi komai muhimmanci. Doka ta ce a ba mutum sanarwar aƙalla kwana 10 kafin a yanke. Wanda ya nemi a saurari ƙararsa kafin ranar yankewar, ya kuma ce a ci gaba da ba shi hidima, ba za a taɓa komai ba sai an yanke hukunci. Wanda ya makara yana iya ɗaukaka ƙara, amma a gida zai jira babu mai kula. Haka nan in kamfani ya rage awanni: kwana 10 daga ranar da aka rubuta wasiƙar, ba ranar da aka buɗe ta ba. Shi ya sa nake cewa a ajiye ambulan ɗin ma, saboda hatimin gidan waya. Tafinta kuma haƙƙi ne, kyauta, a asibiti da ofis da wurin sauraron ƙara. A nemi mai Hausa, kada a ɗora wa yaron makaranta fassarar maganar ciwon kakarsa.

Sauran wuraren da kulawa ke tsinkewa sun fi sauƙin ɗinkewa. A asibiti a tambaya ƙarara ko an kwantar da mutum ne a hukumance ko ana lura da shi ne kawai, domin a Medicare na asali sai an yi kwana uku na cikakkiyar kwanciya kafin a biya gidan gashi da farfaɗowa, kwanakin lura ba sa shiga lissafi ko da a gado ɗaya aka yi su. Can kuma iyakarsa kwana 100: 20 na farko kyauta, daga na 21 akwai dala 209.50 a kullum a 2025, wanda Medicaid ke ɗauka in yana raye. Kun ga mun sake komowa kan takardar nan. In aka ce za a tsayar da gashi don wai mutum ba ya samun ci gaba, wannan ba hujja ba ce tun sasancin shari'ar Jimmo a 2013; hana jiki lalacewa ma dalili ne. Keken guragu kuwa, Medicare amfanin cikin gida kawai yake dubawa, Medicaid yana duba har fita masallaci da kasuwa, amma yawanci sai an kawo masa shaidar cewa Medicare ya ƙi. A nemi mai sayar da kayan da ke karɓar katin biyu tun farko, in ba haka ba watanni za su shuɗe ana jefa takarda tsakanin ofisoshi.

Ga wanda ya kai 55, jikinsa ya kai matakin gidan jinya amma yana so ya zauna gida, akwai shirin PACE, wanda ya samo asali daga wata cibiyar kula da tsofaffi mai suna On Lok a San Francisco aka mayar da shi na dindindin a 1997. A ganina shi ne haɗin da ya fi kowanne cika, don likita da gashi da mota da abinci duk wuri ɗaya suke. Sharaɗinsa shi ne sai likitocinsu, kuma dattijan da suka shekara goma da likita ɗaya ba su cika yarda ba. Shi ma dai bai kuɓuta daga sabuntawa ba.

Akwai kuma kuɗin da iyayenmu ke biya don kunya. Wanda ke cikin rukunin QMB, wato marasa halin da Medicaid ke biya wa kuɗin wata da ragowar kuɗin Medicare, dokar tarayya ta hana likita ko asibiti cajinsa ragowar kuɗin Medicare, ko da likitan ba ya karɓar Medicaid. Duk da haka takardun bashi suna zuwa, tsoho kuma ba ya son a ce ana binsa, sai ya biya a ɓoye daga kuɗin abinci. Kada a biya. A kira ofishin lissafin a ce mutumin QMB ne, a tura musu kwafin katin Medicaid ko bayanin Medicare da ke nuna hakan, a nemi su janye takardar daga hannun masu karɓar bashi su kuma mayar da abin da aka riga aka biya. In sun ƙi, a kira 1-800-MEDICARE, ko ofishin ba da shawara kyauta na SHIP da ke kowace jiha, wanda a New York ake kira HIICAP.