Shekarar da na yanka bunsurun Kirsimeti da hannuna

A gidanmu na Wusasa, tun ina yaro, ba ɗan gida ne ke yanka dabbar Kirsimeti ba. Ranar jajibere, 24 ga Disamba, Baba zai leƙa ta katanga ya kira Malam maƙwabcinmu, ya zo da wuƙarsa ya yi bisimilla ya yanka, sannan mu yara mu kama fiɗa. Ban taɓa tambayar dalili ba. Na ɗauka Baba ne ba ya son ganin jini.

Shekarar da Baba ya rasu, hidimar ta dawo kaina. Na taso daga Abuja a makare, cunkoson hanyar Kaduna ya cinye mini wuni, ban shiga Zariya ba sai bayan magariba. Ga sanyin hunturu, ga gajiya, ga bunsuru ɗaure a gindin mangwaro yana ta kuka. Mama ta tafi koyon waƙa da Zumuntar Mata. Na aika yaro gidan Malam, aka ce yana masallaci, sai bayan isha'i. Jiran awa ɗaya ne kawai. Awa ɗaya! Amma na ce me ake jira, ba ga wuƙa ba? Na sa ƙannena suka danne, na yanka. Har da ɗan alfahari, wai na zama maigida.

Mama ta dawo ta tarar nama ya cika daro. Ba ta kiran sunana, da yake ni ne ɗan fari, sai ta ce, "Kai, wa ya yanka?" Na ce ni ne. Ta yi shiru, ta ajiye ɗankwalinta, ta ce, "To, ku za ku cinye abinku. Ko tsoka ɗaya ba za ta fita gidan nan ba."

A nan na gane abin da Baba yake yi shekara da shekaru. Rabin abin da ake dafawa a gidanmu ranar Kirsimeti ba namu ba ne. Shinkafa da miya, soyayyen nama, cincin da zoɓo, duk a jere a kwanuka, yara sanye da anko suna kaiwa gida gida, kuma yawancin gidajen nan na Musulmi ne. Don kowa ya ci hankali kwance ake kiran Malam. Na so in yi gardama, na ce ai na ji malamai da kansu suna cewa yankan ma'abota littafi ya halatta. Mama ta ce ita ba karatu take aika wa maƙwabta ba, abinci take aikawa, kuma ba za ta sa tsohuwar da suka yi shekara talatin suna gaisawa ta tsaya tana juya nama a kwano tana waswasi ba.

Washegari da sassafe, lokacin da jama'a ke shirin tafiya majami'a, ni ina kasuwar Sabon Gari ina cinikin kaji. Duk wanda ya taɓa sayen kaza ranar 25 ga Disamba ya san yadda masu kaji ke kallon mutum. Kuɗin motar komawata ne ya tafi a kan kaji shida, ramammu ma. Na rasa sujada, na rasa waƙar da Mama ta yi makonni tana koya, abin da har yau yake ci mini rai.

Sai kuma kunyar zuwa gaban Malam. Na durƙusa na ce, "Baba Malam, na yi gaggawa jiya." Ya yi dariya ya ce ai ya ji kukan bunsurun ya ɗauke tun yana alwala. Ya ce ya wasa wuƙarsa tun da rana, ya zauna bayan isha'i yana jiran a kira shi kamar yadda marigayi ya saba. Wannan maganar ta fi kuɗin kajin zafi. Ashe ba maƙwabta kaɗai na kusa hana nama ba, dattijon nan ma na ƙwace masa abin da ya rage tsakaninsa da amininsa.

Kwanukan sun fita, amma sai bayan la'asar maimakon azahar. Bunsurun kuwa mun yi kwana huɗu muna fama da shi, har ƙannena suka fara kiransa naman Yaya. Da Babbar Sallah, cinyar rago ta zo mana kamar kullum.

Yanzu tun farkon Disamba nake buga wa Malam waya mu tsayar da lokaci, kuma 23 ga wata nake barin Abuja. Idan na isa, gidansa nake fara shiga kafin in ajiye jaka.