Kafin a ce sanyi ne ko istihala: HPV da sankarar bakin mahaifa

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa, idan mace ta ga jini bayan kwanciyar aure, ko jini ya dawo mata shekaru bayan ta daina al'ada, malam ake fara tambaya: ta yi salla ko ta dakata? Sai a ce istihala ce, ta yi tsarki ta ci gaba da ibada. Hukuncin ya yi daidai, sai dai bai faɗa mata daga ina jinin yake fitowa ba. In kuwa ruwa ne mai wari yake zuba, an riga an raɗa masa suna sanyi, a jira ranar kasuwa a sayo gorar magani wurin mai lasifika. Haka ake cinye shekara ɗaya ko biyu, alhali waɗannan su ne alamun da sankarar bakin mahaifa ta fi bayyana da su.

Kusan duk sankarar bakin mahaifa daga ƙwayar cutar HPV take tasowa. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano alaƙar, aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Ƙwayar tana da iri fiye da 200, amma goma sha wani abu ne kawai ke kawo sankara, kuma biyu daga ciki, lamba 16 da 18, su ke da alhakin kusan kashi 70 cikin ɗari. Lamba 6 da 11 tsiro suke fitarwa a gaba, masu kaushi da ban kunya, amma ba su ke zama sankara ba.

Ana ɗaukar ta ta hanyar haɗuwar fata da fata lokacin saduwa, kuma yawancin masu aure za su gamu da ita a wani lokaci ba tare da sun sani ba. Ba zazzaɓi, ba ƙaiƙayi. Kafso da allurar kemis ba sa taɓa ta. Jiki ne da kansa yake kawar da ita, a wajen mutum tara cikin goma, kafin shekara biyu.

Matsalar tana ga wadda ta maƙale. A bakin mahaifa akwai wani ɗan zobe inda fatar ciki mai laushi take haɗuwa da ta waje, nan ƙwayar take zama. Tana fitar da sinadarai biyu, E6 da E7, waɗanda ke kashe masu gadin da ke hana ƙwayoyin halitta hayayyafa barkatai. Daga nan ɓarnar take tafiya a ɓoye kamar gara a cikin azara, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. Ga mace mai ƙanjamau, shekara 5 zuwa 10 ta isa, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Zoben nan ya fi fitowa fili a jikin yarinya ƙarama, shi ya sa aurar da ita da wuri yake ƙara haɗarin. Haihuwa da yawa da shan taba su ma suna ƙarawa.

Tsawon wannan lokaci yana da wata ma'ana ga zaman aure. Samun HPV a jikin mace ba hujja ba ce ta cin amana. Tana iya zuwa daga auren fari, ko ta biyo ta wurin maigida daga matar da ya rabu da ita tun tuni, ta zagaya gidan ba wanda ya sani. Duk wanda ya saki mace kan sakamakon gwaji ya zalunce ta. Maza ma ba su tsira ba: ƙwayar tana kawo sankarar mazakuta da ta maƙogwaro, da mafi yawan sankarar dubura, a maza da mata. Wannan ta ƙarshe basir ake kiranta har sai ta yi nisa. Jini ko ƙullutu a dubura da ya ƙi jin magani, a bari likita ya duba da hannu.

Ga 'yan mata akwai rigakafi. Najeriya ta sa allurar HPV cikin rigakafin yau da kullum a watan Oktoba na 2023, Kano da Jigawa suna cikin rukunin farko. An fara bayar da ita kyauta ga 'yan shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya ta rabin mililita a dantse, tana kare su daga lamba 6, 11, 16 da 18. Yarinya mai ƙanjamau tana buƙatar aƙalla biyu. Dalilin zaɓar wannan shekaru a fili yake: allurar tana hana kamuwa ne, ba ta fitar da ƙwayar da ta riga ta shiga, don haka kafin ɗaurin aure take da cikakken amfani. Ana ajiye ta a sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ta daskare ta lalace, don haka kwalba ba ta kwanciya kai tsaye a kan ƙanƙara a cikin akwatin rigakafi. Bayan allura yarinya ta zauna minti 15. Wasu kan ji jiri ko su sume saboda tsoro da yunwa, kuma suman yarinya ɗaya a makaranta ya isa ya tayar da jita-jita a gari guda. Maganar cewa allurar tana hana haihuwa kuwa, tun 2006 ake amfani da allurar a duniya, binciken da aka yi bai nuna haka ba.

Uwa da ta wuce shekarun allura, gwaji ne nata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara daga shekara 30, mai ƙanjamau daga 25. Mafi sauƙin gwaji a karkara shi ne na ruwan khal: ma'aikaciyar lafiya ta sa abin buɗe gaba, ta haska fitila, ta shafa ruwan khal mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 a bakin mahaifa da auduga, ta jira cikakken minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari fat, da iyaka a bayyane. Gaggawar ƙin cika mintin nan da ƙarancin haske su ke sa a tsallake cuta. Ga matar da ta haura 50 gwajin ba ya da tabbas, saboda zoben ya koma ciki. Gwajin neman ƙwayar kanta ya fi dacewa da ita. In ba a ga komai a gwajin ruwan khal ba, a dawo bayan shekara uku.

In an ga farin tabo, yawanci ba sankara ba ce tukuna. Ana iya ƙona shi a ranar da ɗan ƙarfe mai zafin digiri 100, na daƙiƙa 20 zuwa 30, mahaifa na nan lafiya, haihuwa ba ta tsaya ba. Ruwa zai riƙa zuba na 'yan makonni, kuma sai maigida ya yi haƙurin sati huɗu kafin ya kusance ta. Gara a faɗa masa wannan baki da baki a asibiti, don nan ne aikin yake yawan ɓaci.

Wadda ta riga ta fara ganin jini ko ruwa mai wari ta wuce jiran ranar gwajin taro. Ta nemi takardar turawa zuwa babban asibiti, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Rasheed Shekoni a Dutse, inda za a yanki ɗan nama daga wurin a auna.