Abin da na koya a aikin cibiyoyin rainon yara

A ƙarshen watan nan zan miƙa ragamar kula da cibiyoyin rainon 'ya'yan marasa ƙarfi da ƙungiyarmu ke gudanarwa a unguwannin bayan garin Kano. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, daga baya kuma gwamnati ta ƙara shekara ɗaya ta share fagen shiga firamare, amma wanda ya tsara lokutan aikinmu bai taɓa tambayar ƙarfe nawa uwa take dawowa daga neman abinci ba.

Yawancin iyaye matan da ke kawo mana yara aikatau suke yi, ko surfe, ko tsintar riɗi da zoɓo a kasuwar hatsi ta Dawanau, kuma ba sa shigowa gida sai bayan la'asar, mu kuwa da azahar mun kulle ƙofa. Saboda haka yayar yaro, 'yar aji huɗu ko biyar, ita ce ke baro darasi ta zo ta goya shi, jakar littattafanta rataye a wuya, kuma kafin zango ya ƙare an daina ganinta a makaranta. Na rubuta wa shugabanmu cewa a raba masu raino gida biyu, na safe da na yamma, ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Bai amsa takardar ba, sai da aka taru ya ce a gaban ma'aikata ba a ɗauke ni don in zama 'yar aikin matan unguwa ba. Shi ne kuma ya sa aka kulle kayan wasa a kabad sai ranar baƙi, yara suna ta wasa da murafen kwalba a ƙasa. Da masu ba da tallafi suka tarar yara sun ragu, sunana ya ambata, sannan ya gabatar musu da shawarar tawa a matsayin tasa. Na yi shiru saboda yaran, amma har yau abin yana ci mini rai.

Sauran darussan ba su da tsawo. A duba katin rigakafi tun ranar rajista, a riƙa auna damtsen yaro domin a gano tamowa da wuri, kada kuma a buɗe cibiya ba tare da sanin mai unguwa ba. Wadda za ta gaje ni ta ajiye kwafin duk takardar da ta rubuta, da kwanan wata a jiki. Cibiyoyin da suka koma aikin yamma bisa waccan shawarar tawa suna nan a buɗe har ƙarfe biyar, kuma ina roƙon kada a taɓa wannan tsari idan an zo rage kasafi.