Kafin in bar ɗakin awo

Ƙarshen watan nan kwantiragina zai ƙare. Ba a sabunta ba, ni ma ban nema ba, kuma waɗanda muka yi aikin tare a nan Sakkwato sun san dalili. Aikin bincike ne, muna cike wa masu juna biyu takardar tambayoyi kan yadda iyayensu suka rene su. Saboda ƙannena da za a ɗauka bayana nake wannan rubutu, waɗanda za su gaji bencin nan da tarin takardun nan ranar awo.

Takardar da aka ba mu ba ta banza ba ce. Gordon Parker da abokan aikinsa ne suka tsara ta a Ostareliya a 1979, ita ce ake kira PBI (Parental Bonding Instrument), ma'aunin yadda mutum ke tuna renon iyayensa. Tambaya 25 ce, 12 kan kulawa, 13 kan takurawa da yawan sa ido. Mace za ta tuna shekarunta 16 na farko, ta amsa sau ɗaya a kan uwa, sau ɗaya a kan uba. Zaɓar masu juna biyu ma da dalili. A 1991 Peter Fonagy da Howard Steele da Miriam Steele sun nuna a Landan cewa yadda mai cikin fari ke ba da labarin ƙuruciyarta yana haska irin shaƙuwar da za ta shiga tsakaninta da ɗanta idan ya shekara. Sai dai su doguwar hira suka yi da matan, suka bar su suka yi magana. Mu kuwa zaɓin amsa huɗu aka ba mu a kowace tambaya, aka ce mu karanta, mu sa alama, mu kira ta gaba.

Wata yarinya daga wajen Wamakko ce ta fara tsayar da ni. Cikin fari gare ta, ta dawo gida goyon ciki. Na tambaye ta ko mahaifiyarta kan yi mata magana da murya mai taushi, ta ce a'a. Ko takan yi mata murmushi, ta girgiza kai. Da na zo kan yabo sai ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya. "Yo Malama, mi kike so in ce? Ni ce ɗiyar fari. Inna ko sunana ba ta kamawa." Na ce to yaya kike gane tana son ki? Ta ce idan Inna ta dama fura mai kyau, ƙanwarta ake ba ta kawo mata, kuma ba a faɗin daga ina ta fito. Duk wannan hira, Innar tana waje a zaune ƙarƙashin dogon yaro, ita ta rako ta tun da sassafe, ta kuma riga ta fara tara itacen wankan jego. A takarda, wannan baiwar Allah ta fito uwa marar kulawa.

Ɓangaren takurawa ya fi haka muni. Ana tambaya ko an bar ki ki fita duk lokacin da kika ga dama, ko an bar ki ki sa tufafin da ranki ke so. Wane gidan mutunci ne a Mabera ko Gidan Igwai zai bar budurwa haka? Kusan kowa a'a take cewa, kuma da alfahari take faɗa, domin a wurinta shaida ce cewa ba sakin ta aka yi ba. To idan makin kulawa ya yi ƙasa, na takurawa ya yi sama, takardar tana jefa iyayen mutum cikin rukunin da masu ita suka kira iko ba tare da ƙauna ba. Haka kunyar ɗan fari da tarbiyya suka haɗu suka zama laifi.

Ga kuma riƙo. Wata tun daga yaye kaka ta ɗauke ta, wata gwaggo ce ta riƙe ta har aure, wata an kai ta ɗaki tana da shekara 14 ko 15, sauran shekarun da ake tambaya a hannun uwar miji ta yi su. Takardar gurbi biyu kawai ta sani. Sannan akwai waɗanda suka sha wuya da gaske, su kuma ta ɗaya gefen suke ɓacewa. Na zauna da wata da kishiyar uwa ta riƙa, tun tana ƙarama take yawon talla. Kowace tambaya ta kulawa sai ta ce "sosai", hawaye na zuba, ta ƙare da "tsakanina da su sai addu'a". Ba ƙarya ta yi mini ba. Ba za ta tona asirin gidansu gaban baƙuwa ba ne, balle ga ta kusa da haihuwa tana neman albarkar kowa.

Duk waɗannan na rubuta su a wani littafi nawa, na kai wa Dakta, mai jagorantar aikin. Ban ce a taɓa tambayoyin ba. Na fahimci cewa idan aka sauya su ba za a iya kwatanta sakamakonmu da na wasu ƙasashe ba. Layi biyu kawai na roƙa a ƙara a sama: wa ya riƙe ki, kuma ke ce ta nawa a wurin uwarki. Ko buɗe littafin bai yi ba. Ya ce, "Malama, aikinki cikewa ne. Tunanin ki bar mana." Na haɗiye, na ce Allah ya ba da haƙuri, na koma benci.

Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne ranar taron duba sakamako. Da alƙaluman suka fito a karkace, ya tashi gaban kowa, har da baƙin da suka zo daga Abuja, ya ce masu tattara bayanai ne suka ɓata aikin. Ya kama sunana, ya ce na mayar da ɗakin awo wurin hirar mata, ina sa wa mutane magana a baki. Babu wanda ya ce uffan, har waɗanda muka sha tattauna matsalar da su a keɓe. Ban ga laifinsu sosai ba, kowa abincinsa yake karewa. Bayan haka rahoto ya fita yana cewa akasarin matan da muka tambaya sun tashi ne cikin iko ba tare da ƙauna ba. Iyayenmu mata ke nan fa ake nufi, waɗanda na gani da idona suna zaune a rana da robar ruwa a hannu suna jiran 'ya'yansu. Can wajen ƙarshen rahoton akwai sakin layi guda a kan kunya da riƙo, a matsayin abin da shi ya lura da shi. Na gane jimlolin, domin sakatariyarsa ta ari littafina kafin nan.

Saboda haka ƙanwata, duk abin da za ki gaya wa na sama da ke, ki rubuta, ki sa kwanan wata, ki ajiye kwafi. Wannan shi ne babban abin da na koya, kuma da tsada na saye shi.

Sauran ƙanana ne. Kada ki yi tambaya a baranda inda uwa ko uwar miji ke jin ku. Tambayoyin da aka juya da "ba ta" suna rikita mutum idan da baki aka karanta, ki maimaita a hankali. Matar da ke zaune tun asuba cikin zafin Afrilu da laulayi za ta ce "e" don ki sallame ta, ki bari a gama auna ta tukuna. Ki fara da ɗaya takardar, mai tambayoyi 10 na gano damuwa da ake kira ta Edinbara, kuma ki san nas ɗin da za ki miƙa mace gare ta idan ta fashe da kuka, tun kafin ki buɗe baki. Layin nan biyu da aka hana, ki riƙa rubuta su da fensir a bayan takarda. Ni haka na yi har ranar ƙarshe, kuma takardun suna nan cikin akwatin ƙarfe na ofis ga duk wanda zai so ya sake lissafin.